Canjin Rumfar Zaɓe da Canjin Zuciya: Abin da Koyarwar Kirista ke Nufi da Sabuntawa

A watan Maris na 2015 babu kalmar da ta kai "canji" tashe a Nijeriya. An rubuta ta a bayan motocin haya, an rera ta a filayen gangami, ta shiga hirar rumfunan kasuwa da ta ofisoshin gwamnati. Jam'iyyar APC mai alamar tsintsiya ta ɗaure alkawuranta cikin abu uku: kawo ƙarshen matsalar tsaro, murƙushe cin hanci da rashawa, da farfaɗo da tattalin arziki. Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 15.4, Goodluck Jonathan ya samu miliyan 12.8, kuma a karon farko a tarihin ƙasar aka kayar da shugaba mai ci a akwatin zaɓe.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da nasu ma'aunin canji, wanda ba ya buƙatar kakakin gwamnati. A lokacin wancan zaɓe ana sayar da litar fetur naira 87, mafi ƙarancin albashi kuma naira 18,000 ne, wato albashin wata guda yana sayen lita fiye da 200. A watan Mayu na 2016 lita ta koma naira 145. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Bola Tinubu, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da taken "Sabunta Fata", ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama, yayin da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000, abin da bai wuce kuɗin lita 70 ba. Adalci ne a faɗi cewa ba dukkan wannan ne laifin masu mulki ba. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya tun 2014, annobar korona ta tsayar da harkoki a 2020, kuma an ga ayyuka irin su jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da asusun bai ɗaya na gwamnati. Amma jama'a sun yanke nasu hukuncin ta hanyar zama a gida: kusan kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2015, kusan kashi 35 a 2019, sannan kusan kashi 27 a 2023.

Wani abin lura ya faru tun a farkon tafiyar. Ranar 8 ga Satumba, 2016, ƙasa na cikin karayar tattalin arziki, gwamnati ta ƙaddamar da gangamin da ta kira "Canji Ya Fara Daga Kaina". Saƙon shi ne kada ɗan ƙasa ya tambayi ina canjin da aka yi masa alkawari sai ya fara gyara halinsa. Ba sabon abu ba ne. Shehu Shagari ya yi shelar juyin juya halin ɗabi'a a 1982, gwamnatin soja ta Buhari da Idiyagbon ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, Babangida ya kafa MAMSER a 1987, Dora Akunyili kuma ta jagoranci gangamin gyara sunan Nijeriya a 2009. Duk lokacin da alkawarin siyasa ya yi wuyar cikawa, gwamnati kan ari harshen masu wa'azi. Gangamin 2016 bai samu karɓuwa ba, domin mutane sun ji kamar wanda ya ci bashi ne ya juyo yana yi wa mai kuɗi nasiha.

Shi wannan harshe da aka ara yana da asali, kuma a wajen miliyoyin Kiristocin Arewa da suke ibada da Hausa tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen a 1932, ma'anarsa a fayyace take. Kalmar da suke amfani da ita ita ce tuba. A harshen Girkanci da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar tana nufin sauya tunani baki ɗaya, mutum ya juya daga hanyar da yake kai. A Bisharar Yahaya, sura ta 3, Yesu ya shaida wa wani babban malamin Yahudawa mai suna Nikodimu cewa gyaran da ake bukata ya kai matsayin a sake haifar mutum. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ga Romawa, sura ta 12, ya gargaɗi masu bi da kada su bari zamani ya zuba su a mazubinsa, su bari a sabunta musu hankali.

Bambancin farko da alkawarin siyasa yana wajen wanda ake tuhuma. Ɗan takara ba zai iya yin tallan canji ba sai ya nuna wa jama'a masu laifi, kuma kullum masu laifin waɗansu ne: jam'iyyar da ta shekara goma sha shida tana mulki, ko gwamnatin da ta gabata, ko wasu 'yan tsiraru da suka kewaye fada. Mai sauraro yakan koma gida da zuciya wasai, domin an tabbatar masa shi wanda aka zalunta ne kawai. Tuba kuwa tana farawa da mutum ya tuhumi kansa. Babu ɗan siyasar da zai hau mumbari a kasuwa ya ce wa masu ƙuri'a mudunsu yana da ƙaramin ciki, ko ya ce wa ma'aikata fayil ɗin 'yan fansho yana ɓacewa ne a teburinsu har sai an ba da na goro. Wa'azin tuba aikinsa ke nan, shi ya sa ba ya tara ƙuri'a.

Labarin da ya fi fito da wannan fili, kuma ya fi shafar ma'aikacin gwamnati, shi ne na Zakka a Bisharar Luka, sura ta 19. Sunan mutum ne, ba shi da alaƙa da zakkar dukiya, ko da yake abin da ya aikata ya sa sunan ya dace da shi a kunnen Bahaushe. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a birnin Yariko ƙarƙashin mulkin Rumawa. Tsarin harajin lokacin ya ba wa mai karɓa damar ya biya hukuma abin da aka yanka, duk abin da ya tatsa a sama kuma ya zama nasa, don haka jama'a suka ɗauki masu wannan aiki a matsayin ɓarayi masu takardar izini. Da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka ya miƙe a gaban mutane ya yi alkawarin ba wa matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Abin dubawa a nan shi ne alkawarin yana da lissafi. Akwai adadi, akwai waɗanda za a biya, suna raye a garin, kuma kuɗin daga aljihun mai alkawarin za su fito. Alkawarin kamfen da baitulmali ake cika shi, idan an cika, wanda ya yi shi ba ya asarar ko kwabo.

Haka nan Yahaya Maibaftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, lokacin da mutane suka tambaye shi abin da tuba ke bukata daga gare su, bai umarci kowa ya ajiye aikinsa ba. Ya ce wa masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su wadatu da albashinsu. Wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano ya ƙirga shingayen da ke hanya ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan. Annabi Amos ma, ƙarni takwas kafin haihuwar Almasihu, ya yi tir da 'yan kasuwar da ke ƙagarar ranar ibada ta wuce don su koma su rage mudu su ƙara farashi. Musulmi mai karatu zai tuna Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi gargaɗi a kan wannan laifi na tauye ma'auni.

Ɓangare na biyu na koyarwar shi ne hidima. A Bisharar Markus, sura ta 10, almajirai biyu sun nemi manyan kujeru a mulkin da suke zaton Yesu zai kafa, kamar yadda 'yan kwamitin kamfen ke neman muƙami kafin a rantsar da gwaninsu. Amsar da ya ba su ita ce sarakunan al'ummai suna nuna wa talakawansu iko, amma a tsakanin mabiyansa mai son girma sai ya zama baran saura. A daren ƙarshe kafin a kama shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a lokacin bawa ne ke yi wa baƙi. Majami'u da dama suna maimaita wannan kowace shekara a ranar Alhamis da ke gabanin Ista. A 2013 Paparoma Francis ya yi nasa a wani gidan yarin matasa a birnin Rum, cikin waɗanda ya wanke wa ƙafa har da mata da Musulmi.

A Arewacin Nijeriya wannan koyarwa ta bar gine-gine da ake iya zuwa a gani. Asibitin Vom a Filato ya fara aiki a 1922. 'Yan mishan na Cocin 'Yan'uwa sun sauka Garkida a 1923, suka buɗe makaranta da asibiti, daga baya suka kafa mazaunin masu cutar kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da cibiyoyin kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, a zamanin da ko dangi kan guji mai wannan cuta. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda aka kafa a 1943, har gobe yana karɓar majinyata daga jihohin Arewa da ƙasashe maƙwabta, yawancinsu Musulmi. A Jamhuriyar Nijar asibitin Galmi yana aiki tun 1950.

Ba daidai ba ne a ɓoye cewa masu wannan aiki suna da burin yaɗa addininsu. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautu, aikin jinya kuma shi ne ƙofar da ta buɗe musu, abin da ya sa sarakuna da malamai suka riƙa kallonsu da taka-tsantsan. Wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa waɗanda suka wanke gyambon kuturu shekara da shekaru ba su jira zaɓe ba, ba su kuma sa allon ƙaddamarwa da sunan gwamna ba. Asibitin ido na Kano ya ga mulkin mallaka, ya ga jamhuriya huɗu da gwamnatocin soja, ya ga kowane take daga "Juyin Noma" na Shagari zuwa "Sabunta Fata", yana nan yana cire yanar ido. Ma'aikaci ya san yadda aikin gwamnati kan mutu ranar da wanda ya fara shi ya sauka, domin magajinsa ba ya son gina sunan wani.

Misalan ba su tsaya a zamanin Turawa ba. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Madagali, Michika da Mubi, dubban 'yan gudun hijira sun kwarara Yola. Bishop Stephen Dami Mamza na darikar Katolika ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ya saukar da su, ya ciyar da su. Bayan shekaru, da ya ga wasu ba su da inda za su koma, cocin ta gina musu gidaje 86 a wajen gari, aka buɗe a 2021, kuma tun da akwai Musulmi a cikinsu sai aka gina musu masallaci. Wasu daga cikin mabiyansa sun soki wannan mataki. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992 lokacin yana jagorantar matasan Kirista, ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin. Kowannensu ya ce nassin addininsa ne ya tilasta masa ya ajiye gaba. Cibiyar sulhu da suka kafa a 1995 ta taka rawa a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ta 2002 da kuma sulhun Yelwa da Shandam bayan kashe-kashen 2004.

Sai dai ikilisiya ba ta tsira daga cutar da take wa magani ba. Kamar yadda gwamnati kan ari harshen wa'azi, masu wa'azi ma kan ari na gangami. A daren shiga shekarar 2015, Fada Ejike Mbaka na Enugu ya yi wa dubban mabiyansa huɗubar da ta goyi bayan canji ta kuma juya wa Jonathan baya, huɗubar da ta yi tasiri sosai a lokacin. A 2021 shi ne kuma ya fito yana kira ga Buhari ya yi murabus. Kowane zaɓe yana zuwa da annabce-annabcen wanda zai ci, 'yan takara kuma kan yi layi a manyan tarukan addu'a da ambulan a hannu. Idan malamin addini ya ɗaura wa ɗan takara rawanin zaɓaɓɓen Allah, ya jinginar da mutuncin mumbarinsa ga abin da ba shi da iko a kai, kuma ranar da gwamnatin ta gaza, mumbarin ma yakan biya. A zaɓen 2023, da batun tikitin Musulmi da Musulmi ya mamaye muhawara, an ji wa'azin ƙuri'a a majami'u da masallatai fiye da wa'azin tuba.

Akwai kuma koyarwar da ake kira bisharar wadata, wadda ta yaɗu tun shekarun 1980, mai cewa imani da baiko suna jawo arziki a nan duniya. Idan aka dube ta da kyau, siffarta ɗaya ce da alkawarin kamfen: ka ba da abin da ke hannunka yau, na sama zai sauya maka rayuwa gobe. A labarin Zakka mai kuɗi ne ya fitar da dukiya zuwa ga talaka. A wannan koyarwa sau da yawa kuɗin daga talaka suke hawa zuwa ga mai mumbari. Malaman Kirista da yawa, daga Katolika zuwa ECWA da Angalika, sun daɗe suna sukar ta, kuma talakawan majami'u kan yi ƙorafin cewa jami'o'in da aka gina da baikonsu sun fi ƙarfin 'ya'yansu.

Wani kuskuren, wanda masu mulki suka fi so, shi ne a ce tunda gyara daga zuciya yake farawa, a bar gwamnati ta huta, kowa ya koma ya yi addu'a. Tubar ɗan kasuwa za ta cika mudunsa, amma ba za ta tsayar da farashin dala ba. Asibitocin mishan, duk da tarihinsu, ba za su ɗauki nauyin mutane fiye da miliyan 200 ba. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayyar Nijeriya ya daɗe yana kewayen kashi 5. Wannan giɓi doka da kasafi ne za su cike shi, kuma masu zaɓe ne ke da haƙƙin tambaya. Koyarwar Kirista kanta ba ta sallami masu mulki ba. Annabawan Tsohon Alkawari sarakuna suka fi fuskanta. A kan wannan turba ne majalisar bishop-bishop na Katolika ta ce wa Buhari a 2018, bayan kisan limamai biyu da masu ibada a Mbalom ta jihar Binuwai, idan ba zai iya kare rayuka ba ya kauce. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda saƙonsa na Kirsimeti na 2020 ya tayar da ƙura, shi ne kuma yake cikin jagororin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar da ke sa 'yan takara su rattaba hannu kan yarjejeniyar kauce wa tarzoma tun 2015.

Littafi Mai Tsarki yana da nasa misalin mai riƙe da muƙami. Nehemiya gwamna ne da sarkin Farisa ya tura ƙasar Yahuza don sake gina ganuwar Urushalima. A sura ta 5 ta littafinsa, talakawa sun koka cewa sun jinginar da gonakinsu da 'ya'yansu saboda yunwa da haraji. Ya tara manyan gari ya sa suka mayar da gonakin suka yafe ruwan bashi, ya fara da bashin da shi da mutanensa suke bi. Tsawon shekara goma sha biyu yana gwamna bai karɓi kason abincin da doka ta ba wa ofishinsa ba, saboda nauyin ya yi wa jama'a yawa. Abin da ya bari halalinsa ne a doka, kuma da ya karɓa babu kotun da za ta tuhume shi.

Nijeriya tana da ma'auni mai kama da wannan, ko da yake ƙarami ne. Tsarin mulki ya wajabta wa masu muƙami su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin shiga ofis da lokacin fita, amma bai tilasta musu su nuna wa jama'a takardar ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya ce a jawabin rantsuwarsa na 2007 zai zama shugaba mai hidima, ya wallafa tasa a watan Yunin shekarar, aka ga kadarori na kimanin naira miliyan 856. Jonathan ya bi sahu a matsayin mataimaki, amma a wata hira ta 2012, yana shugaban ƙasa, ya ce ba zai sake yi ba. Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo, wanda fasto ne, sun fitar da taƙaitaccen bayani ta bakin kakakin fadar a watan Satumba na 2015. Gwamnoni, ministoci da 'yan majalisa, Kiristocinsu da Musulminsu, waɗanda duka suka rantse da littafi mai tsarki a hannu, 'yan ƙalilan ne suka taɓa wallafa nasu.